Gugan Ɗalhatu

Ɗalhatu taubashina ne, ɗan Kawu Mahmuda na Wurma, yayan mahaifiyata. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da iko, babu mai kai ni ƙara. Tare muka taso, ya girme ni da damina biyu, kuma tun muna yara ban taɓa ganin ya gama cin tuwo a inda ya fara ba. Zai sa hannu a kwano a tsakar gida, loma ta uku yana bakin zaure, ta ƙarshe kuwa sai ka bi shi gindin dalbejiyar masallaci. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce ko a goye bai bar bayanta ya huta ba. 'Yan unguwa suka sa masa suna Mazari, sunan ya bi shi har ya yi gemu.

Kada wani ya ɗauka rago ne. Da rago ne da mun huta. Ɗalhatu mutum ne mai zafin nema, kuma kansa na ja. Ciwonsa ɗaya ne: da zarar ya ga kan abu, sai ya ɗauka ya ga wutsiyarsa. Da ya gama sakandare a Kurfi ya zo nan Dutsin-Ma koyon gyaran babur, wata biyar ya ce ya iya, ya tafi. Ya yi kiwon kaji, suna gab da fara ƙwai ya sayar da su don ya ji an ce kifi ya fi. Ya bi masunta dam ɗin Zobe har kunnuwansa suka yi baƙi da rana, ranar da aka fara barinsa da kwalekwale shi kaɗai, a ranar ya ajiye koma. Ɗinki ma ya taɓa, akwai wata rigata da ya yi mini har yau hannu ɗaya gare ta. Na sha gaya masa ganin Dala ba shiga birni ba ne, sai ya yi dariya ya ce ai ni ko Dalar ban gani ba, ina nan ina fama da 'yan aji uku da alli.

Ƙanensa Kamilu kuwa dutse ne. Inda ka ajiye shi bara, nan za ka same shi bana. Shi ke riƙe da gonakin gidan da shanun huɗa, kuma duk wanda ya zo gaida Kawu sai ya yabi Kamilu, sannan ya yi shiru a wurin da ya kamata a ambaci babba. Wannan shirun yana cin Ɗalhatu, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Matarsa Batula ce ta ce mini idan an yi baƙi a gidan, ranar ba ya iya cin abinci.

Shekara biyar da suka wuce, farkon damina, aka wayi gari ya tafi Kaduna. Muka ji ya kama aiki wurin wani dattijo mai sayar da furannin ƙawata gida a bakin hanya. Muka ce to, wannan karon kuma ciyawa aka koma. Ana cikin yankan gero sai ga shi ya sauka a tasha da buhuna da kwalaye, ƙasa na zuba daga cikinsu, idonsa na ƙyalli irin na wanda ya tsinci abin da kowa ya wuce. Wata huɗu ya yi. Daga baya na gane ko sallama ta kirki bai yi da maigidan nasa ba, ya dai sayi abin da zai saya, ya ce zai leƙa gida ya dawo.

Lissafinsa, in an bi ta gaskiya, ba na banza ba ne. Tun da jami'a ta zo garin nan ake ta gine-gine. Malamai da ma'aikata suna so su ƙawata ƙofar gida, amma sai sun yi saƙo daga Kano ko Kaduna, kafin abin ya iso ya galabaita. Masu kwalliyar biki kuma na roba suke amfani da shi, guda ɗaya ya je biki talatin har ya koɗe. Babu mai wannan sana'a a nan. Abin da Ɗalhatu ya rasa shi ne wuri da ruwa, kuma ya san inda suke.

Kawu yana da wani fili a bakin gari, gefen titin da ya fito daga Kurfi. Ya saye shi tun zamanin da yake fataucin auduga, akwai tsohuwar rijiya a ciki, kowace damina Kamilu yakan zo ya sa gero da wake. Ɗalhatu ya ja ni muka tafi Wurma, wai ko bakina zai yi masa rana. Muka sami Kawu a zaure yana tufka igiya. Ɗalhatu ya yi bayani tiryan-tiryan, yana yi yana gyara zama. Kawu bai ɗago ba har ya gama.

"Ana cin ta?" ya tambaya.

"A'a, Baba."

"Magani ce?"

"A'a. Kallo ake yi."

Kawu ya ci gaba da tufka har na ɗauka ya manta da mu. Can ya ce ya ba shi aron filin daga girbi zuwa ruwan shuka. Ya ce shi bai san wannan sana'a ba, ba zai ce mai kyau ce ko marar kyau ba, amma ya san ɗansa. "In ruwa ya sauka ban ga huren nan da idona ba, Kamilu ya shuka geronshi, kai ko ka dawo gida ka ɗau hauya. Ba ka ƙara tahiya ko'ina ina raye." Ɗalhatu ya ce ya yarda, da sauri, irin yardar wanda bai tsaya ya ji nauyin maganar ba. Ni na ji nauyinta. Na san idan aka ɗaure Mazari a gona, ba noma zai yi ba, mutuwar tsaye zai yi.

Cikin mako biyu filin ya canza kama. Ya yi shinge da ƙayar magarya saboda awaki, ya kafa rumfa, ya jera ƙananan tsirrai cikin baƙar leda. Amma jarinsa na gaske wasu manya ne, kusan tamanin, da ya dasa a yankakkun jarkoki da tsofaffin bokitai. Yana kiransu bogambiliya. Da ya nuna mana hotonsu a waya, furensu ja da ruwan hoda da fari, sirara kamar takardar naɗe alewa, sai muka sa musu fulawar takarda. Ya ce idan waɗannan suka buɗe a bakin titi, shi ba sai ya yi talla ba.

Daga nan ya shiga yi musu hidima irin ta ɗan manomi. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san dokar noman rani: shuka ruwa take so da taki, kuma koren ganye shi ne lafiya. Haka ake yi wa tumatir, haka ake yi wa albasa. Ɗalhatu yakan ba su ruwa da asuba, ya ba su da yamma, da rana kuma idan zama ya ishe shi, wanda kullum yakan ishe shi, sai ya ƙara musu. Ya barbaɗa takin zamani, ya jiƙa kashin kaji ya zuba. Yau ya kai su inuwa, gobe ya dawo da su rana, jibi ya juya kowace jarka ta fuskanci gabas. Idan na biyo daga makaranta, tun daga nesa nake jin ƙarar guga a bakin rijiya.

Su kuwa suka karɓa. Ganye ya fito shar, manya-manya, rassa suka miƙe har suna haura shinge. Duk manomin da ya wuce sai ya tsaya ya sa albarka. Wata tsohuwa ta tambaya ko ana miya da shi. Wani makiyayi daga wajen Makera ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce idan an tashi sassabe a tuna da maruƙansa. Fure dai ko ɗaya babu.

Akwai wata Hajiya, malama a jami'a, da ta gama gini tana neman abin da za ta jera a bakin katanga. Ta tsaya da mota, ta zagaya, ta ce ta san irin, amma ba za ta sayi launin da ba ta gani ba. Ta bar lambarta ta ce idan sun yi fure ya kira ta. Bayan wata guda ta sake biyowa, wannan karon ko fitowa ba ta yi ba, ta sauke gilashi ta duba ta wuce. Ɗalhatu ya bi motar da kallo, sannan ya juya ya ɗauki guga.

Na ce masa ya kira dattijon Kaduna ya tambaye shi mana. Ya ce lambar ta ɓace. Ƙarya yake, kunya ce. Mutumin da ka ce wa za ka leƙa gida ka dawo, da wane baki za ka kira shi bayan wata biyar ka ce ya koya maka abin da ba ka tsaya ka koya ba? Ɗalhatu ya je Kaduna da ruwan farko, ya baro ta kafin na ƙarshe. Duk zamansa can sama ke shayar da furannin. Bai taɓa ganin yadda ake bi da su da rani ba.

Sanyi na ƙarewa sai ga Kamilu da a-kori-kura, ya sauke buhu shida na takin awaki a bakin shinge. Ya ce Baba ya ce garke ya cika, a nemi inda za a zubar. Daga Wurma har Dutsin-Ma, a wuce gonakinsu duka, don a zubar da taki. Na kalli Ɗalhatu, ya kau da kai. Ranar bai tsokane ni ba, ni ma na ƙyale shi. Kafin magariba ya rarraba takin nan kaf, kowace jarka ta sami rabonta har da ƙari. Bayan mako biyu ganye ya ninka.

Daga nan na fara ganin alamun da na sani. Ya fara zancen wani abokinsa da ke haɗa wutar sola a Kano. Ya fara tsayawa a tasha yana hira da direbobi ba tare da dalili ba. Yakan zauna a kan bokiti ƙafarsa na rawa, ya tashi, ya zagaya shinge, ya dawo, ya tsinke ganye ɗaya ya murje shi. Na ce masa wannan karon fa babu Kano, alkawari ya yi wa tsoho. Ya ce ya sani. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne wannan ne karo na farko da ba ya so ya tafi, kuma abin ne ya ƙi shi. Ban sami abin tsokana a wannan maganar ba, tausayinsa ya kama ni.

Ana cikin haka, zafin bazara ya fara, Kawu ya hau gyaran jinkar rumbu. An hana shi, ya ce tun kafin a haifi masu hana shi yake hawa. Tsani ya goce, ya faɗo, ƙashin ƙugu ya karye. Aka kwashe shi zuwa asibiti a Katsina, likitoci suka ce sai an yi aiki, kuma zai daɗe a kwance. Jinyar namiji sai namiji. Kamilu ga sharar gona ga shanu, ba ya ɗaguwa. Saura Ɗalhatu. Dangi har da masu murmushi a ɓoye, wai an ba Mazari zaman gefen gado, a ga kwana nawa zai yi.

Da zai tafi ya biyo gidana ya ba ni makullin ƙyauren shinge. Ya maimaita mini sau uku: safe da yamma, kowace jarka rabin bokiti, kada in tsallake ko ɗaya. Na ce ya tafi, ai ba jarirai ya bar mini ba.

Mako guda na yi ina cika alkawari. Kafin in tafi makaranta in je, in na taso in koma. Jarka tamanin ba wasa ba ce, hannuwana suka yi kanta, bayana ya riƙe, maigidana ya fara tambaya ko ni ma na canza sana'a. Sai rijiyar ta fara ja da baya, kamar yadda rijiyoyinmu ke yi idan bazara ta tsananta. Na ƙara igiya, na sake ƙarawa. A rana ta tara guga ya fito da taɓo. 'Yan garuwa kuwa a wannan lokacin cikin gari ma rububinsu ake yi, babu mai turo kura har bakin gari saboda ganye. Na tsaya na yi shawara da kaina. Ƙananan na cikin leda kwana biyu ba ruwa sun mutu, don haka na kwashe su a Keke Napep na kai gidana, ina ba su ruwan wanke-wanke da na alwala. Manyan kuwa na ce su yi haƙuri, wata shida suna sha ba su nuna komai ba.

Bayan kwana goma na leƙa. Da ban je ba ya fi mini. Ganyen nan da ake sa wa albarka ya yi yaushi ya rataye, rabi ya zube ƙasa, ƙayoyi sun fito tsirara. Ƙasar jarkokin ta tsage. Na ja ƙyaure na kulle. Daga ranar na daina bin wannan titin, ko unguwa za ni ta wajen sai in zagaya.

Ɗalhatu kuwa yana kira sau biyar a rana. Kin ba su? Sai in ce suna nan. Ba ƙarya na yi ba, suna nan ɗin. Amma duk lokacin da na ajiye wayar sai in ji kamar na saci wani abu.

Na je dubiya sau biyu, abin da na gani ya ba ni mamaki. Ɗalhatu na zaune a kan wata kujerar roba a gefen gado, ƙafarsa na rawa kamar za ta tashi ta bar shi, amma yana zaune. Shi ke juya tsoho, shi ke goge masa jiki, shi ke kai tasa ya wanke, shi ke ba shi kunu cokali-cokali, Kawu yana yi masa faɗa wai ya cika sauri. Ba sa wata hira. Majinyatan ɗakin suka ce mini iyakarsa masallaci da famfo. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Da ya rako ni bakin ƙofa ya tambaye ni ko akwai wadda ta fara nuna launi, na ce tukuna, na yi sauri na hau mota.

Kwana arba'in da ɗaya suka yi. Ranar da za a sallame su na tafi don in taya su dawowa, kuma don na san ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka ɗauki shatar mota. Aka kwantar da kujerar gaba aka jingina Kawu, ni da Ɗalhatu muna baya da kwanuka da tabarmi. Gabas ta yi duhu tun hantsi, iska na kaɗawa da ɗan sanyi, direba yana ba da labari an yi ruwa jiya ta kudu, har wasu sun fita shuka. Kowa a motar ya san abin da wannan labarin yake nufi, sai direban.

Kafin mu iso Kurfi na faɗa. Na faɗi komai, rijiya da taɓo da ganyen da ya zube, da kwanakin da na yi ban leƙa ba. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsa. Ƙafar Ɗalhatu da ke rawa tun Katsina ta tsaya cak, wannan ya fi faɗan tsorata ni. Da muka zo inda za a ratse zuwa Wurma, ya dafa kafaɗar direba ya ce a shiga nan. Sannan ya sunkuya wajen kunnen mahaifinsa.

"Baba, ba sai an je ba. Na dawo gida."

"Direba, miƙe," in ji Kawu. "Na ce sai na gani da idona. Ko toka ce in gan ta."

Ban taɓa jin tsawon hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma kamar ranar ba. Ɗalhatu ya jingina kai da gilashi. Ni ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, ban ma san me nake roƙo ba.

Direba ne ya fara gani. Ya rage gudu ya ce ko biki ake a can. Babura uku a tsaye bakin titi, wasu 'yan mata ɗalibai sun juya wa shingen baya suna ɗaukar hoto. Bayansu kuwa, ta saman ƙayar magarya, ja ne da ruwan hoda da fari da ruwan goro, sun hau juna sun zubo har waje, ganye ma sai ka nema. Duk reshen da na bari tsirara ya cika tun daga gindi har baki. Ɗalhatu ya buɗe ƙofa tun motar ba ta gama tsayawa ba.

Na miƙa masa makulli ya buɗe kwaɗon. Kawu ya ce a fito da shi. Muka ce likita ya hana, ya ce likitan yana Katsina. Ɗalhatu da direba suka tallafo shi suka zaunar a kan bencin rumfa, aka sa masa filo, sandarsa a hannu. Ya daɗe yana kallo. Ya sa aka matso masa da jarka ɗaya, ya shafa furen da yatsa, ya tona ƙasar da bakin sanda, ta fito busasshiya kamar garin gero.

"Mi take haihwa in huren ya zube?"

"Ba ta haifar komai, Baba. Shi ke nan abin."

Kawu ya jinjina kai. Ya juyo gare ni ya tambayi kwana nawa rabonsu da ruwa. Na ƙirga na ce talatin da biyu. Ya sake duban ƙasar, inda ragowar takin awakinsa ya bushe ya yi fari a saman jarka. Manomi ne na shekara sittin, ba sai an yi masa bayani ba. Ya taɓa ganin wake ya yi ganye ya ƙi 'ya'ya a gonar da taki ya yi wa yawa.

"Ashe har da ni a masu hana ta," ya ce, a hankali.

Ban san ko Ɗalhatu ya ji ba, don a lokacin ya riga ya bar wurin. Ya zagaya jarkokin sau biyu, yana taɓa wannan yana gyara waccan, sai ga shi ya fito daga bayan rumfa da guga da igiya ya nufi rijiya, yana cewa ƙishi zai kashe su, ko taɓo ne a tace a ba su. Kawu ya buga sanda a ƙasa.

"Ɗalhatu. Aje gugan nan."

Ya tsaya.

"Aje, ka zo ka zauna."

Ya ajiye. Ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar mahaifinsa, ya haɗa gwiwoyinsa da hannu biyu kamar mai tsoron kada su gudu. Suka zauna suna kallon furannin nan har aka kira la'asar. Direba ya yi ta duba agogo, na ce masa ya yi haƙuri, abin da ake yi a nan shekara talatin da biyar ana jiransa. Da za mu tashi Kawu ya ce in kira masa Kamilu. Bai yi dogon bayani ba, ya ce masa geron bana a sa shi duka a Wurma.

Ruwan shuka ya sauka bayan kwana uku. Kafin nan Hajiyar jami'a ta zo ta ɗebi ashirin, ta turo ƙawayenta. Ɗalhatu ya cije ya kira dattijon Kaduna ya ba shi haƙuri, dattijon ya yi dariya ya ce ai duk yaron da ya yi rani ɗaya a wurinsa ya san wannan: idan kana son ta yi fure, sai ka hana ta ruwa har ta sunkuyar da kai, taki kuma kaɗan.

Kawu bai ƙara taka ƙasa da ƙarfinsa ba. Ya ga damina ɗaya, ya rasu da kaka, Allah ya gafarta masa. Da aka zo rabon gado Kamilu da kansa ya ce a bar wa yayansa filin. Yanzu shekara ta biyar ke nan Ɗalhatu yana wurin. An yi wa rijiyar yasa, ya ƙara rumfa, ya koyi haɗa furen amarya da kwalliyar wurin taro, Batula na taya shi daga gida. Halinsa dai yana nan. Har yanzu ba ya gama shayi a zaune, kuma har yanzu yakan juya jarkoki ba gaira ba dalili.

Abu ɗaya ne ya san ba zai iya ba. Duk shekara idan lokacin hana su ruwa ya zo, sai ya cika wa ƙananan tsirrai duro biyu, sannan in ji sallamarsa a ƙofar gidana. Zan fito in same shi tsaye da guga da igiya a naɗe, yana sauya ƙafa. Nakan tsokane shi in ce me zan yi da tsohon guga, ni da nake da famfo. Ba ya ramawa. Sai ya miƙo mini ya ce, "Riƙe min, Rahamatu. Baba ya ce in aje."

Nakan rataye shi a bayan ƙofar ɗakin girki, inda ba zai gani ba in ya shigo gaisuwa. Bana kwanansa goma sha tara a wurin, kuma jiya ma Ɗalhatu ya zo sau biyu.